Waiwaye Adon Tafiya: Tarihin da Ke Cikin Jarrabawar Haɗa Kwamfutoci

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da ɗalibin da ke shirin jarrabawar ƙwarewa a kan haɗa kwamfutoci ya san yadda abin yake. Dare zai raba, mutumin yana zaune da takarda da alƙalami yana ta nanatawa: 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. In ya gama wannan sai ya koma kan 255.255.255.192, ya rubuta 62, ya soke, ya sake lissafi. Ka tambaye shi me ya sa kusan kowane ofis adireshin kwamfutocinsa da 192.168 yake farawa, sai ya ce maka haka aka rubuta a littafi. Ka ƙara tambaya, sai ya ce, “Malam, ƙyale ni, jarrabawa saura mako biyu.”

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna wa irin wannan ɗan'uwa namu, da ma sauran masu karatu, cewa lambobin nan ba daga sama suka faɗo ba. Kowace ɗaya daga cikinsu magani ce da wasu mutane suka haɗa wa wani ciwo, a shekarar da aka sani, a wurin da aka sani. Wanda ya san ciwon ba zai sha wahalar tuna maganin ba. Batutuwa uku ne ginshiƙin jarrabawar: yadda ake ba kowace na'ura adireshi, da yadda saƙo ke yawo tsakanin na'urorin da ke gini ɗaya, da yadda ake zaɓar masa hanya idan zai yi nisa. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan mu duba yadda ita kanta takardar shaidar ta samu.

Asalin Al'amari: Ƙunshi da Zango

Kafin shekarun 1960, idan mutum biyu za su yi magana ta wayar tarho, sai an ware musu layi guda tun daga wannan baki har wancan, ba mai shiga sai sun gama, ko da rabin lokacin shiru suka yi. Wannan ya dace da hirar mutane. Ita kuwa kwamfuta takan juye bayani mai yawa cikin ƙiftawar ido, sa'an nan ta yi tsit na tsawon lokaci, don haka riƙe mata layi asarar kuɗi ce.

Mutum biyu suka gano mafita, kowa a ƙasarsa, ba tare da ɗaya ya san aikin ɗaya ba. Na farko shi ne Paul Baran na cibiyar bincike ta RAND a Amurka, wanda ya wallafa nazarinsa a 1964, kuma damuwarsa ita ce yadda sadarwa za ta tsira ko da an kai wa ƙasar harin nukiliya. Na biyu shi ne Donald Davies na Ingila, a 1965. Shawararsu ita ce a yayyanka saƙo ƙanana-ƙanana, kowane yanki a rubuta masa inda za shi, a sake shi ya bi tasha-tasha. Davies ne ya raɗa wa yankin suna, sunan da za mu fassara da “ƙunshi”. Abin ya yi kama da tafiyar fatake, wadda ake yi zango-zango. Bambancin kawai shi ne babu madugun da ke rakiyar ƙunshi. A kowane zango akwai na'urar da za ta duba adireshinsa ta nuna masa zango na gaba. Wannan na'ura ita ce rauta.

Ranar 29 ga Oktoba, 1969 aka fara gwada dabarar a haɗakar kwamfutoci ta ARPANET, wadda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta. Wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas ya yi ƙoƙarin aika kalma guda zuwa Cibiyar Bincike ta Stanford. Harafi biyu suka isa, L da O, sai na'urar ta tsaya cik. Kafin shekarar ta ƙare an haɗa wurare huɗu.

Ba da daɗewa ba wasu haɗakun suka ɓullo, wata ta rediyo, wata ta tauraron ɗan'adam, kowace da yarenta. A 1974 Vinton Cerf da Robert Kahn suka wallafa ƙa'idar da za ta sa su duka su fahimci juna. Daga baya aka raba ta gida biyu, TCP da IP, kuma ranar 1 ga Janairu, 1983 ARPANET baki ɗayanta ta koma kanta. A 1984 ƙungiyar daidaita ma'aunai ta duniya ta fito da nata tsarin mai suna OSI, wanda ya kasa aikin sadarwa hawa bakwai kamar bene. A kasuwa dai TCP da IP suka yi galaba, amma benen OSI ya zama harshen koyarwa. Shi ya sa har gobe ɗalibi ke jin ana cewa wannan matsala ta hawa na biyu ce, waccan ta hawa na uku.

Adireshi: Unguwa da Gida

A watan Satumba na 1981 aka fitar da takardar da ta fayyace IP zubi na huɗu, watau IPv4, a ƙarƙashin kulawar Jon Postel. Ta ce adireshi zai ƙunshi gurabe 32, kowane gurbi ko dai 0 ko 1. Don sauƙin karatu ake kasa su kashi huɗu, takwas-takwas. Darajar gurabe takwas ɗin nan ita ce 128, 64, 32 har zuwa 1 da abokinmu ke nanatawa, kuma in ka tara su za ka sami 255. Jimlar adiresoshin da gurabe 32 za su bayar ita ce 4,294,967,296. A zamanin da kwamfutocin da ke haɗe ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, wa zai ce wannan ba zai isa ba?

Kowane adireshi kashi biyu ne: na gaba yana nuna unguwa, watau haɗakar da na'ura take ciki, na baya yana nuna gida, watau ita na'urar. Tambayar ita ce, a ina unguwa ta ƙare gida ya fara? Takardar 1981 ta yanke hukunci da aji uku. Unguwar ajin A tana ɗaukar gida 16,777,214, ta ajin B 65,534, ta ajin C kuwa 254. Waɗanda suka zo da wuri suka kwashi rabo mai tsoka: kamfanonin IBM da Ford da Apple, da jami'ar MIT, kowannensu ya sami unguwar ajin A shi kaɗai.

Ciwo na farko ya bayyana nan da nan. Jami'ar da aka ba unguwa mai gida dubu sittin da biyar ba za ta jera kwamfutocinta duka a kan waya ɗaya ba, tana da tsangayoyi da gine-gine. A 1985 Jeffrey Mogul da Postel suka fitar da ƙa'idar yanka unguwa ƙanana. Aka ƙirƙiro wata lamba mai rakiyar adireshi, mu kira ta lambar iyaka, wadda ke nuna gurabe nawa ne na unguwa. Alal misali, 255.255.255.192 tana nufin gurabe 26 na unguwa ne, 6 na gida. Gurabe shida suna ba da 64. A cire na farko, wanda shi ne sunan unguwar kanta, a cire na ƙarshe, wanda aka keɓe don yi wa kowa shela, saura 62. Ga inda lambar abokinmu ta fito.

Ciwo na biyu ya fi tsanani. Ma'aikata mai kwamfuta dubu ajin C ya yi mata kaɗan, sai ta nemi ajin B, ta yi amfani da dubu ɗaya ta bar sauran kango. Unguwannin ajin B kuwa 16,384 ne kacal a duniya. A farkon shekarun 1990 masana suka lura cewa in aka ci gaba a haka za su ƙare cikin 'yan shekaru. Sai a 1993 aka soke tsarin aji ɗungurungum, aka kawo CIDR, wanda ya ce ana iya kafa iyaka a kowane gurbi, a rubuta ta bayan adireshi kamar haka: /22, ko /26. Abin lura a nan shi ne, ajin A da B da C sun mutu tun 1993, amma har yanzu ana koyar da su, domin in babu su ɗalibi ba zai gane abin da CIDR ya zo gyarawa ba.

Aka kuma ƙara wata dabara. A 1994, sa'an nan aka sabunta a 1996, an keɓe wasu adiresoshi don amfanin cikin gida kawai: masu farawa da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Kowa na iya amfani da su a gidansa, amma ba sa fita waje. Idan saƙo zai fita, rautar bakin ƙofa ta cire adireshin cikin gida ta maƙala nata, idan amsa ta dawo ta duba littafinta ta miƙa wa mai ita. Wannan shi ne NAT. Kwatankwacinsa shi ne makarantar da ke da jakar gidan waya guda ɗaya, masinja ya ɗauko wasiƙu ya raba wa mutum dubu.

Duk wannan jinkirta ajali ne kawai. Ranar 3 ga Fabrairu, 2011 hukumar IANA mai riƙe da rumbun adiresoshi ta raba kaso biyar na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar na duniya, rumbu ya tashi babu komai. A nan ne tarihin ya taɓa mu kai tsaye. Hukumar yankin Afirka, AFRINIC, mai hedkwata a tsibirin Morishiyos, sai a 2005 ta sami cikakkiyar amincewa, bayan an daɗe da fara rabo. Duk abin da ta samu domin nahiyar baki ɗaya bai kai kaso goma na girman ajin A ba, irin kason da kamfani guda ya samu a Amurka. Maganin dindindin shi ne IPv6, wanda aka fara fayyacewa a 1995, mai gurabe 128, adadin da sai an jera lambobi 39 kafin a rubuta shi. Da yake tsoho bai tafi ba, sabo kuma bai gama zama ba, dole ɗalibi ya koyi duka biyu.

Cikin Gida: Daga Zaure Ɗaya zuwa Suwic

Mu bar adireshi mu dubi yadda na'urorin da ke gini ɗaya ke magana da juna. A 1971 Jami'ar Hawai ta haɗa tsibiranta da rediyo a wani tsari mai suna ALOHAnet, inda kowace tasha ke aika saƙo duk sanda ta ga dama, in saƙo biyu suka yi karo a sake aikawa. Robert Metcalfe ya ɗauki wannan tunani ya mayar da shi kan waya a cibiyar binciken kamfanin Xerox a 1973, aka sami Ethernet. Ladubbansa irin na zama a zaure ne: ka saurara kafin ka yi magana, in ku biyu kuka fara tare ku duka ku yi shiru, kowa ya ɗan jira gwargwadon abin da ƙuri'a ta ba shi, sa'an nan a sake. A 1980 kamfanonin DEC da Intel da Xerox suka fitar da ma'auninsa na bai ɗaya.

A Ethernet kowace na'ura tana da wani adireshin daban mai gurabe 48, wanda maƙera ke saka mata tun daga masana'anta, ana kiran sa MAC. To, yaya za a haɗa shi da adireshin IP? A 1982 aka fito da ƙa'idar ARP: na'ura ta yi shela ta ce wane ne mai adireshin IP kaza, mai shi ya amsa da lambarsa ta MAC.

Amma zaure in ya cika, surutu yakan hana jin magana. Sai aka ƙera wata na'ura da ake kira gada, wadda ke raba waya gida biyu, ta riƙa lura da wanda ke kowane ɓangare, ba ta ƙetarar da saƙo sai in ya zama dole. A 1990 wani ƙaramin kamfani mai suna Kalpana ya fitar da gada mai ƙofofi da yawa, kowace na'ura ko rukunin na'urori da ƙofarsu. Wannan shi ne suwic. Aikinsa bai da wuyar fahimta: duk saƙon da ya shigo, ya rubuta lambar mai aikowa da ƙofar da ya shigo ta ciki. In ya san ƙofar wanda aka aiko wa, ya miƙa can kawai. In bai sani ba, ko kuwa shela ce, ya watsa ta duk sauran ƙofofi.

A nan wani babban haɗari yake. Mai hankali zai so ya haɗa suwic biyu da waya biyu, don in ɗaya ta tsinke ɗaya ta riƙe. Amma da zarar an yi haka an yi da'ira. Ƙunshin IP yana ɗauke da wata lamba da ke raguwa a kowane zango, in ta kai sifiri a yar da shi. Saƙon Ethernet ba shi da wannan. Shela guda in ta faɗa da'ira za ta yi ta zagaye ba tsayawa, wasu su biyo ta, har layi ya toshe. Radia Perlman ta kamfanin DEC ce ta warware wannan a 1985 da ƙa'idar bishiya. Gadoji su zaɓi ɗaya a cikinsu, mai lamba mafi ƙanƙanta, ta zama saiwa, kowace ta nemi hanya mafi sauƙi zuwa gare ta, sauran ƙofofin da za su haifar da da'ira a rufe su sai ranar buƙata. Reshen bishiya ba ya komawa ya haɗe da ɗan'uwansa, shi ya sa aka ba ta wannan suna. An mayar da ita ma'aunin duniya a 1990, aka fito da mai saurin farfaɗowa a 2001.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen takarda ne. A watan Nuwamba na 2002 haɗakar kwamfutocin asibitin Beth Israel Deaconess da ke birnin Boston ta durƙushe na kusan kwana huɗu, likitoci suka koma aiki da takarda da biro, saboda haɗakar ta yi ta girma ba tsari har ta wuce abin da ƙa'idar bishiya za ta iya riƙewa. Ɗaya daga cikin hanyoyin rage irin wannan shi ne a kasa suwic ɗaya zuwa zauruka daban-daban, shelar wannan ba ta shiga wancan. Shi ake kira VLAN, kuma ma'auninsa ya fito a 1998.

Zaɓen Hanya: Jita-jita, Taswira da Amana

Idan ƙunshi zai bar gida, ya shiga hannun rauta. Kowace rauta tana da jadawalin da ke cewa unguwa kaza ta nan ake bi. Duk tarihin wannan fanni amsa ce ga tambaya ɗaya: wa ke cika wannan jadawali, kuma da wace hujja?

Hanya ta farko ita ce ta jita-jita. Kowace rauta ta gaya wa maƙwabtanta, “Ni daga nan zuwa unguwa kaza zango uku ne.” Maƙwabciya ta ƙara ɗaya ta gaya wa na gaba. Haka ƙa'idar RIP ke aiki, wadda aka rubuta a hukumance a 1988, tana maimaita labarinta duk bayan daƙiƙa 30. Illarta tana bayyana ne ranar da hanya ta yanke. Rauta ta farko ta rasa hanya, sai ta ji ta biyu tana cewa ita ta san hanya, alhali tun asali daga bakin ta farkon ta ji. Sai su yi ta ƙara wa juna lamba, huɗu, biyar, shida, ba ranar tsayawa. Domin a tsayar da wannan ƙirga aka ce 15 ce iyaka, 16 kuwa tana nufin ba hanya. Ɗalibin da ya san wannan labari ba ya bukatar haddace lambar.

Hanya ta biyu ita ce ta taswira. Maimakon rauta ta yaɗa abin da ta ji, sai ta sanar da kowa abin da ta gani da idonta: su wane ne maƙwabtanta, kuma yaya ƙarfin layin da ke tsakaninsu. Kowace ta tara waɗannan bayanai ta zana taswira, ta lissafa hanya mafi sauƙi da kanta. Lissafin da ake amfani da shi na Edsger Dijkstra ne, ɗan ƙasar Holan, wanda ya ƙirƙiro shi a 1956 ya wallafa a 1959, shekara goma kafin ARPANET. Ita ARPANET ta koma wannan hanya wajen 1979 bayan ta sha wuya da ta farko. Daga nan ƙa'idar OSPF ta fito a 1989. Da yake taswira in ta yi girma lissafi yakan yi nauyi, sai aka kasa ta yanki-yanki, kowane yanki ya jingina da na tsakiya mai lamba 0.

Waɗannan biyu na cikin ma'aikata ɗaya ne. Tsakanin kamfani da kamfani, ko ƙasa da ƙasa, ba gajertar hanya kaɗai ake dubawa ba, akwai ciniki da yarjejeniya. A 1989, a wajen wani taro a Amurka, Kirk Lougheed na Cisco da Yakov Rekhter na IBM suka zana wata ƙa'ida a kan takardun goge hannu na wurin cin abinci. Ita ce BGP, kuma zubinta na huɗu, wanda ya fito a 1994, shi ke riƙe da intanet har yau. An gina ta a kan amana, domin a lokacin masu harkar kaɗan ne kuma sun san juna. Wanda ya ce unguwa kaza ta wurinsa ake bi, sai a yarda.

Akwai wata doka da ke fitowa a kowace jarrabawa: idan hanya biyu suka dace da adireshi ɗaya, rauta za ta bi wadda ta fi tantancewa, watau mai doguwar lambar iyaka. Ga abin da wannan doka ta haifar ranar 24 ga Fabrairu, 2008. Gwamnatin Pakistan ta ba da umurnin toshe YouTube a cikin ƙasarta. Kamfanin sadarwar ƙasar ya sanar da wata hanya mai /24 zuwa adiresoshin YouTube, da nufin ta tsaya a cikin gida, sai sanarwar ta kuɓuce ta fita waje. Shi YouTube da /22 yake sanar da nasa. Rautocin duniya suka bi doka, suka zaɓi /24, YouTube ya ɓace wa yawancin duniya na kimanin awa biyu.

Mu ma abin ya taɓa faruwa a ƙofarmu. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018 kamfanin MainOne na Legas yana wani gyara, sai aka yi kuskure a matatar da ke tace sanarwar BGP. Hanyoyin Google da ya kamata su tsaya a wurinsa suka tsallaka zuwa wani kamfani na ƙasar Sin, daga can zuwa na Rasha. Har tsawon minti 74 mutane a wasu sassan duniya suka kasa samun Google, kamfanin kuma ya fito ya amsa kuskurensa. Ranar 4 ga Oktoba, 2021 kuwa Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, bayan wani umurni da aka bayar lokacin gyara ya kai ga janye hanyoyinsu daga BGP.

Yadda Takardar Shaida Ta Samu

Kamfanin Cisco, wanda jarrabawarsa ta fi shahara a wannan fage, Leonard Bosack da Sandy Lerner suka kafa shi a 1984, dukansu ma'aikatan Jami'ar Stanford, kuma ya fara sayar da rauta a 1986. Cikin shekaru kaɗan na'urori suka fi masu iya sarrafa su yawa. Jami'o'i ba su koyar da kayan wani kamfani, masu ɗaukar ma'aikata kuma ba su da ma'aunin gane gwani. Sai kamfanoni suka fara shirya jarrabawarsu da kansu. Novell ya riga kowa shahara a wannan, Microsoft ya biyo baya a 1992.

Cisco ya fara ne daga sama. A 1993 ya fito da CCIE, wadda ake yi a ɗakin gwaji na kwana biyu: a ba mutum na'urori ya haɗa, sa'an nan a ɓata masa aikin a ce ya nemo inda aka ɓata. Sai a 2001 aka mayar da ita yini ɗaya na awa takwas. A 1997 kamfanin ya buɗe shirinsa na koyarwa a makarantu, a 1998 ya fito da CCNA domin masu farawa. Ƙungiyar CompTIA ta fito da Network+ a 1999, wadda ba ta jingina da kayan kowane kamfani ba. Ranar 24 ga Fabrairu, 2020 aka haɗe rassan CCNA zuwa jarrabawa guda mai lamba 200-301, ta minti 120, kuɗinta a lokacin dala 300, takardar kuma tana aiki na shekara uku. Kashi 25 cikin ɗari na makinta a kan zaɓen hanya yake, wanda shi ne kaso mafi girma.

Ita ma takardar ta zo da nata ciwon. Tun shekarun 1990 aka fara kuka da “injiniyan takarda”, mutumin da ya ci jarrabawa amma bai iya gyaran komai ba. Sanadin haka shi ne cinikin tambayoyin sata, inda wasu ke fitowa daga jarrabawa su rubuta abin da suka gani a sayar. Kamfanonin suka mayar da martani da tambayoyin aiki, inda za a ɗora mutum a gaban rautar kwaikwayo a ce ya saita ta, suka kuma yi dokar soke takardar duk wanda aka kama. Ashe dai an koma inda aka fara a 1993: sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kammalawa

Waɗanda suka yi kurakuran 2008 da 2018 da 2021 ƙwararrun ma'aikata ne a manyan kamfanoni. In haka ta faru a hannunsu, ina ga wanda ya sayi amsa ya haddace? Ɗan'uwanmu da ke tara dala ɗari uku da kuɗin naira, wataƙila da gudummawar iyaye da 'yan'uwa, wata rana shi za a damƙa wa haɗakar asibiti ko banki ko jami'a. Ranar da layi ya toshe da tsakar dare ba wanda zai jera masa amsoshi huɗu ya zaɓi ɗaya.

Shawararmu gare shi ita ce, duk batun da ya buɗe a littafi ya fara da tambayar kansa: wane ciwo aka yi wa wannan magani? Sa'an nan ya jawo ciwon da hannunsa. Akwai manhajojin kwaikwayo irin su Packet Tracer da GNS3 da ake samu kyauta. Ya haɗa suwic biyu da waya biyu, ya kashe ƙa'idar bishiya, ya ga abin da zai faru. Ya jera rauta uku, ya tsinke layi ɗaya, ya zuba ido ya ga yadda jadawali ke sauyawa. Ya ɗauki unguwa mai /24 ya yanka ta huɗu da alƙalami, ya ga 0 da 64 da 128 da 192 sun fito da kansu, domin a ɗakin jarrabawa ba a shiga da na'urar lissafi. In ya gama, ya kira ƙaninsa ya bayyana masa da Hausa abin da ya sa 16 take nufin ba hanya. Idan yaron ya gane, to shi ma ya shirya, sai ya je ya biya kuɗin jarrabawa.